Motar Ɗan Alhaji da Ke Yoyo a Tsakar Gidanmu

Ni dai tun ranar da aka turo motar nan cikin gidanmu ban so ta ba. Ina tsaye bakin madafi da ludayi a hannu, sai na ga an wangale ƙofar gida, maigidana da 'ya'yanmu maza biyu suna turo wata aba rawaya, shimfiɗaɗɗiya, cikinta na neman shafar ƙasa. Sai da suka jera katakai a kan yashi kafin ta shigo, don yashin layinmu a Ajilari ko keke napep yakan riƙe, balle wannan. Mutanen layi duk sun fito ƙofar gidajensu suna kallo, kuma ba wanda ya ce musu sannu da aiki.

Na ce, "Malam, wannan kuma fa? Mota ce ko kwalekwale?"

Ya share gumi ya ce, "Amana ce. Ta ɗan Alhaji ce."

Maigidana bakanike ne, garejinsa yana Gamboru tun kafin ya aure ni, kuma shi ke duba motocin wani Alhaji mai fataucin kifi. Da gari ya rikice Alhajin ya kwashi iyalinsa ya koma Abuja. Duk motocinsa sun bi shi da ƙafarsu sai wannan, ta ɗansa, wadda aka sayo daga ƙasar waje. Ƙofa biyu gare ta, ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali, gudu kawai ta iya. An ce wata rana yaron yana sheƙa gudu a hanyar filin jirgi sai wani abu ya ɓalle a injin, ruwa ya kwarara kan tayoyin baya, motar ta yi juyi da shi a tsakiyar titi, saura ƙiris ya rungumi bishiyar maina, wato dogon yaro. Tun daga nan take garejin Malam. Sai kuma abu ya tashi kusa da layin kanikawa, sojoji suka rufe wurin, aka ce kowa ya kwashe abin da ke hannunsa. Masu motoci suka zo suka ja nasu. Wannan ba ta da mai ja, sai ta zama tamu.

Wanda bai zauna a garinmu Yerwa a shekarun nan ba ba zai gane abin da ya sa gabana ya faɗi ba. An hana babura. An yanke layukan waya, ba ka kira ba a kiran ka. Ga dokar hana fita, wani lokaci tun rana ba ta faɗi ba. Mutanen dajin nan ko sunansu ba ma kira, "yaran nan" muke cewa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Mota in ta tsaya a layi ba a san mai ita ba, kafin ka ce kwabo layin ya watse. Samarin unguwa suka ɗauki gora da adda suna sintiri, suna tare hanya, suna binciken kowa, kuma ba zan ɓoye ba, sun taimaka, da ba don su ba da ba mu kwana a gidajenmu ba. A bakin kasuwa ko wurin shinge, in ka riƙo jarka ko gora, kunu ne, nono ne, tsimin magani ne, sai ka kurɓa a gabansu kafin ka wuce. Abin da kuma kowa ya sani shi ne, in magana ta wuce hannun samarin nan ta kai ga sojoji, ba maigida kaɗai ake ɗauka ba, duk namijin da ya tasa a gidan tafiya yake yi. Waɗanda aka ɗauka a layinmu ba mu sake ganinsu ba. Ni kuwa ga ni da samari biyu, babban ya gama sakandare, ƙaramin gashin baki ya fara fito masa.

Aka lulluɓe ta da tamfol a gindin katanga. Washegari da safe na zo shara, sai na tarar da ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin gindinta, wani ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na kira Malam na nuna masa.

Ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Cutar tata ke nan. Kin ga, injinta a baya yake, lagireto kuma a gaba, ruwan sai ya bi bututu tun daga hanci har gindi ya dawo. To a jikin injin akwai wasu gajerun bakunan bututu na goran-ruwa, farin ƙarfen nan na tukwane, inda tiyo ke kamawa. Ba walda aka yi musu ba, ba zare gare su ba. Gam aka shafa aka cusa su. Yau zafi, gobe sanyi, gam ɗin ya gaji ya fara saki. Wani ya yi ta ɗiga, wani kuma ya fice gaba ɗaya."

Na ce, "Gam? Irin na mai gyaran takalmi? A motar da ake wa wannan kuri? Kai, Allah wadai. Ashe su ma Turawan suna ha'inci."

Ya yi dariya ya ce maganin abin ɗaya ne, a sauke injin, a bi bakunan nan ɗaya bayan ɗaya a yi musu walda, ko a huda a ɗaure kowanne da kusa mai zare. Amma mai waldar goran-ruwan da ya yarda da shi ya gudu Kano, wuta kuma mun manta kamanninta. Don haka sai ya riƙa dabara. Ya kwanta a kan buhu, ya cusa hannu har kafaɗa, ya goge, ya shafa sabon gam, ya bari ya bushe, ya cika ruwa, ya tayar. In ta tashi kwanukana na rawa a kan kanta. Ya toshe nan, bayan kwana biyu can ya buɗe. Na ba da tsohuwar tasa aka tara a ƙarƙashi.

Ruwan da yake zuba mata ba irin namu ba ne. Jarkoki biyu ɗan Alhaji ya bari tare da ita, da rubutu a jiki wanda ko babban ɗana bai iya karantawa ba, ya ce ba Turancin makaranta ba ne. Na ce da Malam, "Haba, duk motocin garin nan ruwan rijiya suke sha, ba su mutu ba. Ka zubar da wannan jan abin ka sa mata na burtsatse mu huta." Ya ce ruwan burtsatsen unguwarmu kanwa gare shi, zai cinye goran-ruwan daga ciki, a dawo a ce ya lalata motar mutane. Na ce ai gara motar mutane ta lalace da gidan mutane ya lalace. Ya ce, "Ke dai ba ki san amana ba." Ranar ban yi masa magana ba har ya ci tuwo ya tashi.

Sai kyanwarmu ta mutu. Na gan ta tana lasar tasar, na kore ta, ban kawo komai a raina ba. Da yamma ta riƙa tangaɗi tana faɗuwa, kwana biyu ba ta ci ba ta sha, sai gawa. Malam ya sa yaran suka haƙa rami a bayan banɗaki suka binne ta, sannan ya tara mu ya ce, "Ruwan nan zaƙi gare shi, shi ya sa dabba ke lasa. Guba ne, ƙoda yake kashewa. Kada wanda ya taɓa shi. Kuma kada wanda ya fita da maganar nan waje."

Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya min a rai. Me ya sa kada a faɗa? Na san dalilin, ai ni ma a garin nake, amma zuciya ba ta da ƙashi. Na shiga juya abin. Wane irin mai kuɗi ne zai tafi ya bar mota irin wannan a hannun bakanike? Wa ya san abin da ke cikin cikinta, tunda Malam da kansa ya ce akwai wuraren da hannunsa ba ya kaiwa? A lokacin ana ta raɗe-raɗin wasu masu hali da ke ciyar da yaran nan ta bayan fage. Ban taɓa zargin mijina da mugun nufi ba, amma mutumin kirki ai shi aka fi ɗora wa kaya. Wata rana yana wanke hannu da toka na tsaya a kansa na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka tabbata abin nan mota ce kawai?"

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce, "Har ke?"

Na ji kunya, amma ban janye ba. Na ce, "Har ni. Ina da 'ya'ya."

Wata safiya ya tayar da ita don gwada sabon gam, sai wani bakin da bai taɓa taɓawa ba ya fice fit. Ruwa ya yi tsartuwa, tururi ya tashi mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, tasa ta cika ta tumbatsa, jan ruwan ya bi magudana ya fita layi. Yaran suka ruga da shebur suka rufe da yashi, amma an riga an gani. Daga ranar gidanmu ya yi farin jini. Maƙwabciyata ta ɓangaren gabas, wadda turminta ya fi nawa kyau, ta zo aron turmi, tana "lale, lale" idonta na kan tamfol. Mai kawo mana ruwa a kura ya sauke jarkokinsa ya ce, "Hajiya, ita wannan ba ta fita ne?" Na ce, "In ta tashi fita za ta sallame ka." Matar mai shagon bakin layi ta hana 'yarta shigowa koyon ɗinki. Bulama, wato mai unguwarmu, ya tare Malam a ƙofar masallaci yana gaisuwa mai tsawo, wushe bayan wushe, har da tambayar ya aiki, alhali ya san ba aikin. Kowa na gani sai in ce shi ne zai kai mu. Ko dariya aka yi a bayan katanga sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne.

Na roƙi Malam ya fitar da ita. Ya ce ya kai ta ina? In ya tura ta titi ya bari, shi ke nan ya yi abin da ake zargi. In ya ja ta zuwa shinge, sai an tambayi takardu da mai ita, takardun suna Abuja, waya kuma babu. Gaba kura, baya sayaki. Ya je da kansa ya yi wa bulama bayani, bulama ya ce ya ji, Allah ya rufa asiri, amma bai zo ya duba ba.

Ranar da suka zo da hantsi ne, ina tankaɗe. Ba su buga ƙofa da ƙarfi ba, sallama suka yi. Bulama a gaba, samarin sintiri a bayansa da gorori, sai mutanen layi da suka cika ƙofa, wasu sun ɗare katanga. Ta tsakanin kawunansu na hango motar sojoji tsaye can bakin layi. Shugaban samarin ɗan unguwa ne, na san shi tun yana goye, uwarsa ƙawar yayata ce. Ya rusuna ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, an kawo mana magana."

Na ce, "Wa ya kawo? A faɗe shi mana in ya isa!"

Ya ce, "Mama, ki koma gefe."

Aka zaunar da 'ya'yana a gindin katanga, hannuwa a ka. Aka sa Malam ya yaye tamfol, aka ce ya buɗe bonet. Ya fara cewa, "Ku tsaya in yi muku bayani, ita wannan..." Suka ce buɗe kawai. Ya buɗe. Inda kowa ya san inji yake zama, babu inji. Rami ne fayau, ga jarkoki biyu na jan ruwa a zaune a ciki, don nan ne wurin kayanta, nan Malam ke ajiye su gudun kada wani ya taɓa.

Wayyo, zo ka ga gudu. Na kan katanga suka dira ta baya, na bakin ƙofa suka tattake juna. Wani yana ihu, "Sun cire injin sun dasa jarkoki! Innalillahi!" Wani saurayi ya ɗaga gora a kan babban ɗana. Malam ya ɗaga hannuwa sama yana cewa, "Injin yana baya! Wallahi yana baya! Ku zo ku gani!" Ya buɗe bayan, amma can ma ba abin kirki ake gani ba, fanka ce da murafu, duk an rufe. Shugaban samarin ya ce in mota ce Malam ya tayar da ita shi kaɗai, su kuma kowa ya fita. Suka ja baya har waje, suka bar mu a ciki, ni da yaran da Malam. Ya shiga ya murza. Ta yi gurnanin nan nata, kajin maƙwabta suka tashi sama. Ya bar ta ta yi ta yi, sannan ya kashe. Suka dawo a hankali, wasu har da 'yar dariyar jin kunya. Na ce a raina alhamdulillahi, an gama. Sai a cikin shirun nan aka ji ɗis, ɗis, ɗis a cikin tasa.

Shugaban ya leƙa ya ce, "To, mun yarda mota ce. Wannan ruwan fa?"

Malam ya ce, "Ruwan lagireto ne."

Wani daga cikinsu, dogo, wanda ya yi tuƙin motar haya a hanyar Konduga kafin a rufe ta, ya ce, "Baba, da girmanka? Ni direba ne. Ruwan lagireto ruwa ne, na rijiya, na famfo, na kududdufi in an rasa. Mota ta taɓa mace mana a daji muka tsiyaye shi muka sha, har alwala muka yi. Ban taɓa ganin ja ba." Mutane suka ce gaskiya ne, kowa ya san haka. Malam ya ce irin na ƙasar waje ne, launi ake sa masa. Aka juya jarkar aka kasa karanta rubutun, abin ya ƙara muni. Wani ya ce a kira sojoji su duba kawai, su suka san sinadari.

Bulama ne ya tsoma baki, kuma har gobe na yarda taimako ya yi niyya. Ya ce, "Haba, abu mai sauƙi. Me za a kira soja? Yadda ake yi a bakin kasuwa za a yi. Malam, tunda ruwan mota ne, kurɓa su gani, kowa ya kama gabansa."

Shugaban ya ɗauki moɗar randata ya tsiyaya daga jarka. Bai tsaya a kurɓi ba, sai da ya cika ta. Ya ce kurɓi ɗaya kowa na iya riƙewa a kumatu ya tofar.

Na yi tsalle na ce, "Kai, ba zai sha ba! Kyanwar..."

"Ke! Shiga ɗaki!"

Tunda aka ɗaura mana aure Malam bai taɓa daka min tsawa a gaban mutane ba sai ranar. A nan take na gane abin da ya riga ni ganewa. In na ce guba ne, to ga jarkoki biyu na guba a ɓoye cikin motar da ba mai ita, a gidan da ke da samari biyu, ga motar sojoji a bakin layi. Ba wanda zai tsaya sauraron labarin gam da goran-ruwa. Na dubi yaran. Su ma sun sani, su suka binne kyanwar. Ƙaramin yana kuka ba sauti, hannunsa na kansa.

Ban shiga ɗakin ba. Malam ya karɓi moɗar, ya tsuguna, don ba ya shan ruwa a tsaye, ya yi bisimilla. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ya shanye tas, ya kifa moɗar ya nuna musu, ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Har da zaƙi. Akwai mai so in ƙara masa?" Aka yi dariya.

Na ɗauka za su tafi, in samu in ɗura masa manja ya amayar. Ina! Shugaban ya ce sai an ɗan zauna an gani. Bulama ya ce a kawo tabarma. Suka zauna a inuwar katanga ana hira, wai yaya gudun motar yake, nawa take shan mai, shi kuma yana ba su amsa kamar ba komai. Na dama madara na kawo, na ce Malam bai karya ba. Shugaban ya ce, "Mama, bari tukuna, kada a ba shi komai." Na koma madafi na zauna, na riƙe kofin a cinya, ina jin muryarsa. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsani mutanen da ke kan tabarmar nan ba, kuma duk na san iyayensu.

Sai da aka kira azahar suka miƙe. Aka ce yaran su sauke hannu. Shugaban ya ce, "Baba, ka yafe mana, aiki ne." Ya aika aka gaya wa sojoji ba komai, muka ji motarsu ta tashi. Bulama ya kama hannun Malam ya ce su tafi masallaci tare, mutane su gani, maganar ta mutu. Ya bi shi. Da ƙafarsa ya je, amma a dawowa yana haɗa hanya, sai da babban ɗana ya tare shi a ƙofa.

Muka rufe gida. Manja, madara, ruwan gishiri, duk na ɗura masa, ya yi amai har ya galabaita. Harshensa ya yi nauyi, yana magana kamar mashayi, mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Yana ta ce min da Kanuri, "An tafi da su? An tafi da yaran?" Ina cewa ga su nan, Malam, ga su a gabanka. Kafin mu yi shawarar asibiti dokar hana fita ta shiga, ba keke, ba mai fita ko da haihuwa ce. Muka kwana a kansa, numfashinsa na fita da sauri-sauri.

Da gari ya waye muka samu keke. A kowane shinge sai an sauka an taka da ƙafa hannu a sama, yaran suna riƙe da shi ta hammata, ana tambaya me ya same shi, muna cewa zazzaɓi. A asibiti likitan ya tambaye ni ko ya sha wani abu. Akwai masu bincike a ƙofar ɗakin. Na matsa kusa da shi na faɗa masa a kunne, duka, har da yawan abin da ya sha. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Hajiya, na ji, kuma kada ki sake faɗa wa kowa a nan. Zan yi iya ƙoƙarina, amma an makara." Ya yi ƙoƙarin, ba zan ci haƙƙinsa ba. Fitsari ya ɗauke, ƙafafu suka kumbura, aka yi masa wankin ƙoda, jikin bai karɓa ba. Mako bai cika ba Allah ya karɓi abinsa. A takarda ciwon ƙoda aka rubuta, kuma ba wanda ya yi mamaki, don ciwon ya yi yawa a garin.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya. Motar tana nan a gindin katanga, an mayar mata da tamfol, mata na jingina da ita suna cin abinci. Sai bayan an dawo da waya aka turo babbar mota daga Abuja aka ɗauke ta, ko leƙawa ban yi ba. Ina zaune a ɗaka cikin lafaya, duk wadda ta shigo ta ce ya haƙuri sai in bi fuskarta da kallo, ina neman wadda za ta kasa haɗa ido da ni. Maƙwabciyar nan mai aron turmi ita ta riƙe min girki da wanke-wanke har aka yi sadakar uku, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ko tausayi ne, ko abin da ta sani ne yake cin ta, oho. An ce zato zunubi, to na ɗauki zunubin unguwa guda, kuma har yau ban san wanda ya kai maganar ba.

Ranar sadakar uku da yamma aka ce min shugaban samarin yana neman iso. An ce shi ya fi kowa daɗewa riƙe da makara. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ya ajiye gorarsa a gefe. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Mama, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Ciwon ƙodar nan ya gama da manyanmu, an ce ruwan burtsatse ne ke kawo shi." Ya ja hanci. "Amma ki kwantar da hankalinki. Mu shaida ne, Baba ba shi da hannu a komai. A gabanmu ya sha ruwan nan, ko fuska bai ɓata ba. Na gaya wa yaranmu na kowane shinge, ƙannen nan nawa ba mai sake tsayar da su. Wanda ya taɓa su ni ya taɓa."

Na dube shi sosai, ina so in gane ko ya sani yake faɗa, ko da gaske bai haɗa wannan da wancan ba. Ban gane ba. Yaran suna tsaye a bayansa a tsakar gida, su biyun, suna jin komai, suna jiran abin da zan ce.

Na ce, "Na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin, ya shafa, ya ɗauki gorarsa ya sa takalmi. Babban ɗana ya raka shi har ƙofar gida.